Makonnin da Na Jira Sa Hannun Hajiya Ladi

Laraba, 7 ga Mayu, bayan sallar asuba

Ba zan rubuta zancen jiya ba.

Wannan littafin na saye shi ne don shirin darasi, sai malaminmu na kwaleji ya juya shi ya ce ba irinsa ake so ba, layukan sun cika faɗi. Tunda ba shi da amfani a wurinsu, bari ya yi mini.

Shekarata arba'in da shida. Goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Bompai har aka sa mata kwaɗo, goma sha biyu a kamfanin fata a Challawa. Shekara uku ke nan ina karatun malanta na Asabar da Lahadi, benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Yanzu gwajin koyarwa nake yi a wata firamare a Sharada, aji biyar, daga safe zuwa ƙarfe ɗaya, daga nan in hau adaidaita in kama dutin rana ƙarfe biyu. Saura mako uku da ɗan kwanaki. Abin da ya rage fom ne mai shafi biyu, shugabar makaranta ta sa hannu ta buga hatimi. In babu shi sai a maimaita baɗi. Ni ban ga baɗi a jikina ba.

Kira bakwai na tarar a wayata jiya da na buɗe akwatina a hutun la'asar. Duk na Hajiya Ladi ne, shugabar makarantar.

Laraba, ƙarfe 1:20, cikin adaidaita

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki fom ɗin a gabana, ta sa a durowa, ta murɗa makulli.

"Malam Ɗayyabu, ba zan kai ka kwaleji ba, don in na kai ka magana ta ƙare. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba sai uban yarinyar ya zo ya zauna a kujerar da kake zaune. Daga yau alli ya koma hannun Malama Lubna. Kai ka zauna a baya ka kalla."

Na ce, "Ranku ya daɗe, na ji."

"Ka ji? Ita ma ai ji ta yi."

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 10:30

Bencin baya. Gwiwata tana taɓa ƙasan tebur. Wurin yarinyar, Aina'u, babu kowa.

Juma'a, 9 ga Mayu, kafin masallaci

Malama Lubna, mai ajin, ba ta wuce shekara ashirin da shida ba. Ranar da na fara aiki a Bompai ina jin ko makaranta ba ta fara ba. Yau ni ne zaune da biro ina rubuta yadda take yi. Na zo da niyyar in ga kuskurenta, kuma na gani: rubutunta a allo yana gangarowa kamar zai zube, tana kuma cinye lokaci wurin gaisuwa. Amma yara sittin da takwas ta kira da suna ba ta duba rijista ba. Ni wata uku ina cewa "ke mai jan hijabi", "kai na bakin taga".

Ranar Talata ta tafi awo asibiti, shi ya sa aka bar ni ni kaɗai. Ba laifinta ba ne. Na rubuta ne don kada wata rana in gaya wa kaina laifinta ne.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

An yi mana lacca yau a kan yadda ake riƙe aji. Malamin ya zana wasu da'irori ya ce ga malami ga ɗalibi ga muhalli. Bai taɓa tsayawa gaban yara sittin da takwas a ƙarƙashin kwano a watan Mayu ba, yana jin jiniyar kamfani a bayan kunnensa. Na so in ɗaga hannu. Sai na tuna ni da na tsaya ɗin me na yi.

Matata Saudat ta kira daga gida. Ta ce hadari ya haɗo ta gabas jiya bai sauka ba, ta ce mai unguwa ya sake tsayar da ita a hanyar rijiya: yaushe malaminmu zai dawo? Makarantar garinmu malami ɗaya ne a kan aji shida, shi ma daga Guri yake zuwa a babur ranar da hanya ta yarda. Tun bara suke kirana malam, tun ban zama ba.

Na ce mata komai lafiya, saura kaɗan.

In na rufe ido a ɗakin nan ina jin ƙanshin bandar kifi yana tasowa daga bakin ruwa, da kukan tsuntsayen da ke sauka a fadama da hantsi. In na buɗe, warin kwatar Sharada. Shekara ashirin da uku ban ga farkon damina a gida ba. Kullum sai dai in je da salla in tarar gero ya riga ya yi tsawo ba da ni ba.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 10:30

Aina'u ta dawo. Tana tafiya ƙafafunta a miƙe, ba ta lanƙwasa su. Da za ta zauna sai da ƙawarta ta riƙe mata jaka. Ba ta waiwayo ba, kuma duk ajin sun san dalilin da ya hana ta waiwayowa.

Uban bai zo ba. An ce aikin dare yake yi, barci yake da rana.

Talata, 13 ga Mayu, bayan asuba

Mako ɗaya.

Ba wai ban san horo ba ne. Mu ma an yi mana. Malam Isyaku, wanda ya koyar da mu a firamaren garinmu, yana da tsumagiyar da ya yanko daga tsamiyar bakin aji, kuma na sha ta fiye da kowa. Shekarun nan duk in na tuna shi sai in tuna muryarsa yana karanta mana labari, da farar rigarsa mai faci a kafaɗa, da yadda yake ajiye keke a inuwa. Saboda shi na shiga karatun nan. Daren jiya kuwa wani abu daban na tuna. Yana barin yara uku su yi barci a darasin farko, ba ya taɓa su. Muna jin haushi, muna cewa son kai. Sai da na girma na gane 'ya'yan masu tashi jan tarun kamun kifi kafin asuba ne. Ya san jirgin uban kowa. Ya san gidan da aka kwana da hayaƙi da gidan da ba a hura wuta ba.

Kuma shi ke kulle ƙofa. Ban taɓa ganin bayansa yana tafiya akwai sauran yaro ɗaya a makaranta ba.

Laraba, 14 ga Mayu, hutun la'asar, a kamfani, bayan ɗakin gishirin fata

Daga bencin baya ana ganin abin da ba a gani daga allo. Wanda takalminsa ɗaya na wansa ne. Wanda ke riƙe da biro babu tawada yana motsa hannu don kada a gane. Wadda ke cizon yatsa don kada barci ya ɗauke ta. Daga gaba kawuna kawai nake gani, ina ƙirga su kamar fatun da ke wucewa a kan layi: wannan ta yi, wannan a mayar.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 1:15

Uban bai zo ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta, ko kaɗan ne, in ya so in yage.

Sau uku a jere Aina'u ba ta yi aikin gida ba, ranar kuma na tarar da ita kanta a kan tebur ina tsakiyar lissafi. Sha biyu da rabi ne. Na ce ta fita bayan aji ta durƙusa, kada ta tashi sai na ce ta tashi. Bayan ajin tsakuwa ce, babu inuwa. Minti goma na nufa. Wallahi minti goma na nufa.

Sai aka buga ƙararrawa, yara suka watse ta gaba, na duba agogo. A kamfaninmu ana rufe ƙofa biyu daidai, wanda ya makara ya koma gida. Shekara ashirin da uku in ƙarfe ɗaya ta yi ƙafata ce ke tunani, ba kaina ba.

Maigadi ne ya gan ta, wajen uku saura kwata. Ya ce tashi mana, ta ce malam bai ce ba.

Ba zan yage ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan azahar

Na roƙi Hajiya kwatancen gidan, ta ba ni. Na tsallake lacca na tafi. Bayan layin masu walda ne, gidan haya mai ɗakuna takwas. Na sayi lemo da sabulu, na ji kunyar ledar tun kafin in isa.

A ƙofar gidan na ga Aina'u zaune a kan dutse, ƙanenta goye a bayanta, tana jijjiga shi. Wasu yara biyu suna wasa da murfin kwalba ba sa magana, sai raɗa. Na san wannan shirun. Duk gidan da mai dutin dare yake barci haka yake: a kwashe yara waje, a ajiye turmi, rediyo a kashe.

Ba ta gan ni ba. Na leƙa zaure. A bakin ɗaki na uku akwai takalmin roba na aiki, dogo, an ɗaure bakin na hagu da shuɗiyar waya don ya tsage. Ni na ba shi wayar. A gabana ya ɗaure, a watan azumi.

Na juya ban yi sallama ba. Lemon na bar wa mai gyaran taya.

Lahadi, bayan la'asar

Na-Ringim.

Haka kowa ke kiransa a kamfani, har foman. Shekara goma sha biyu injinsa yana kusa da nawa. Na san yadda yake son shayi, na san haƙorin da ke masa ciwo. A kamfani ba a kiran mutum da sunansa. Garinka ne sunanka, ko tsawonka, ko wani abin kunya da ka taɓa yi. Ni ɗan Guri ne har na fara karatu suka mayar da ni Ticha. A rijista an rubuta Aina'u Abdullahi. 'Ya'yan Abdullahi huɗu ne a ajin.

Duti a wurinmu juyawa yake mako-mako: safe, rana, dare. Da gwajin nan ya zo sai na buƙaci rana zalla. Safe ba wuya, kowa na son ya karɓa. Dare ne ba mai so. Na bi mutum biyar, kowa da uzurinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Na-Ringim bai bari na gama roƙon ba, ya ce, "Kawo, Ticha. Kai dai ka fitar da mu kunya." Tun daga Fabrairu mako biyu cikin uku yana dare: nasa da nawa.

Makon da na fitar da ita rana, daren nawa yake yi.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 10:30

Na tambayi Malama Lubna a hankali. Ta ce ai ta sani. Makon da baban yake dare, Aina'u ce ke tashi kafin asuba ta kama layin famfo, don aikinsa ne in yana gida. Da rana kuma ita ke fita da ƙanen har ya farka. Yaushe za ta yi aikin gida?

Na ce me ya sa ba ki faɗa mini ba. Ta dube ni, da ladabi dai, ta ce, "Baba, ba ku tambaya ba. Littafin shirin darasi kawai kuke nuna mini."

Baba take ce mini. Na fi son haka da malam a kwanakin nan.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban je ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da asuba

Ban je ba. A kamfani na sauya hanyar da nake bi zuwa famfon alwala don kada in haɗu da Na-Ringim.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

Wannan makon yana safe, yana tashi biyu lokacin da nake shiga. Yau na tsaya a bakin ƙofar kamfani wurin mai shayi har ya fito, hularsa a hannu, idanunsa ja kamar kullum.

"A'a, Ticha! Yau ba boko? Ko an kore ka ne mu samu hutu?"

Na ce ya zauna. Na sa a haɗa masa, madara kaɗan, sukari da yawa. Na ce, "Na-Ringim, mene ne sunanka?"

Ya yi dariya har ya tari. "Shekara goma sha biyu, sai yau? Kai da za a neme ka shaidar gawata da an sha wahala. Abdullahi."

Na ce na sani. Na ce na je gidansa ranar Lahadi.

"An gaya mini. Mai taya ya ce a yi maka godiyar lemo."

"Tun yaushe ka san ni ne malaminta?"

"Tun ranar farko. Ta dawo ta ce an kawo musu sabon malami, tsoho, yana warin fata. Na ce wannan nawa ne."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa maka ka riƙa ɗaga mata ƙafa? Karatu na kai ta." Ya hura shayin. "Sai ga shi gara da na faɗa."

Na fara ba shi haƙuri, maganar tana fita a karkace. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ka ga gwiwoyinta?"

Na ce ban gani ba.

"Ni nake shafa mata magani in na dawo, kafin in kwanta. Kwana tara. Ba ta kuka sai in uwarta ta fita."

Na ce daren jibi nawa ne, zan karɓi abina, zan gaya wa foman yau. Ya ajiye kofin da ƙarfi.

"Kada ka soma. Magana na yi, sai ka gama. Dare daban, yarinya daban. Kada ka haɗa mini su don ka ji sauƙi."

Na ce to makarantar fa, Hajiya tana jiransa.

"Na sani. Ba barci ne ya hana ni ba, Ticha. Ban so in zo da abin da ke bakina a lokacin ba." Ya miƙe, ya sa hula. "Alhamis. In na tashi daga darenka sai in biyo."

Aka buga jiniya. Na shiga, ya tafi.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

Saudat ta ce ruwa ya sauka a gida, na farko, har an fita shuka. Ta ɗora wayar a bakin taga don in ji. Ban ji komai ba sai shuu, amma na ce na ji.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe 1:40

Yau na tsaya har aji ya watse, na zagaya baya, na leƙa ban-ɗaki, na jira maigadi ya ja ƙofa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya lura. Mai adaidaita yana gudu, ina jin zan tarar an rufe. In an rufe an rufe.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 12:00, a bencin baya

Ya zo takwas da rabi, kai tsaye daga Challawa, da takalmin roban a ƙafarsa. Hajiya ta ba shi kujera, ni ina tsaye. Ta buɗe durowa ta fito da fom ɗin ta ajiye a tsakaninsu. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta rage mini komai ba, ba ta kuma ƙara ba. Har ta ce ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, kuma yaran sun fi gane lissafi a hannuna. Ban zaci za ta faɗa ba.

Na-Ringim ya ce, "Hajiya, mutumin nan na san shi. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa, mu duka haka kamfani ya mayar da mu. Ni nawa na yafe. Amma ba ni aka durƙusar ba. A kira mai gwiwar."

Hajiya ta aika a kira ta.

Aina'u ta shigo ta tsaya jikin babanta. Hajiya ta sassauta murya ta ce mata wannan takardar Malam Ɗayyabu ce. In an sa hannu ya gama, in ba a sa ba sai ya sake wata shekarar. Ta ce babanki ya ce ke za ki faɗa, kuma duk abin da kika faɗa ba mai taɓa ki.

Yarinyar ta dubi takardar, ba ni ba.

"Hajiya, in ba ku sa ba, nan zai dawo baɗi?"

"Wataƙila nan."

"In kun sa fa?"

"Garinsu zai tafi, can wajen Guri. Da nisa."

"Baba kuma ya daina dare biyu?"

Na-Ringim ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ce zai daina.

"To ku sa."

Hajiya ta sa. Ta hura hatimi ta buga. Wurin da aka rubuta halin ɗalibi ta daɗe biro yana sama, sannan ta rubuta layi biyu ta ninke ba ta nuna mini ba. Na ce wa yarinyar ta yafe mini. Ta ce, "To," kamar yadda ake amsa aike, ta tambayi Hajiya ko ta koma aji.

A waje Na-Ringim ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka samu, Ticha." Ya yi hamma, ya nufi gida.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan asuba

Na kira Saudat na ce an sa hannu. Ta yi guɗa, na ji tana kiran maƙwabta, na ji wani yana cewa a gaya wa mai unguwa. Ta tambaye ni yaya aka yi, shugabar ta yaba?

Na ce wata ɗaliba ce ta sa baki.

Ta ce Allah ya yi wa yarinyar albarka, ashe har sun shaƙu da kai haka. Na ce amin.